Amsa: shirin gasar 70.3 daga Jidda

Ɗan'uwa, ka ce kana aiki a Jidda, kana so ka shiga Ironman 70.3 ta Bahrain, gasar da ta haɗa ninƙaya da keke da gudu, a ƙarshen shekara, kana tambaya ko ka fara atisaye mai nauyi tun yanzu da zafi. Ni dai a ganina, a'a.

Ninƙaya kilomita 1.9 ce, keke kilomita 90, gudu 21.1. Keken zai cinye kusan rabin lokacin gasar, don haka shi za ka ba wa safiyar Juma'a da Asabar. Amma daga Yuni zuwa Satumba zafin Jidda da laimarta ba sa wasa. Ka fito da an idar da sallar asuba, kafin ƙarfe takwas kana gida. Ko a Kurnish, titin bakin tekun Jidda, da iskar teku ke kaɗawa, riga kan jiƙe sharkaf tun ba a yi nisa ba. Ka riƙa zuba ɗan gishiri a gorarka, ruwa zalla ba ya mayar da abin da gumi ya kwashe. Watannin nan na tara ƙarfi ne sannu a hankali. Dogon keke da gudu nan take bayan ka sauka, wanda ke sa ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse, bar shi sai Oktoba.

Ninƙaya kuwa, wurin wanka na kulob bai isa ba. Ka riƙa zuwa bakin tekun Abhur da ke arewacin Jidda ka saba da ruwan gishiri da igiyar ruwa, kuma don Allah kada ka shiga kai kaɗai.