Ɗigo ya ƙi tashi, ko ya ja wutsiya a farantin TLC

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kin tatsi ganyen sabara da metanol, kin ɗiga a farantin silika na TLC (hanyar raba sinadaran da ke gauraye), amma wani lokaci ɗigon ya kafe a layin fensir, wani lokaci kuma ya ja wutsiya har sama. Cuta biyu ce, kowace da maganinta.

Wanda ya kafe, laifin ruwan sinadarin da kika zuba a kwalba ne, wanda ke hawa farantin yana ɗaukar ɗigon. Silika tana da folariti sosai (rabuwar cajin lantarki a jikinta), tana kama duk sinadarin da ke ɗauke da OH (oksijin haɗe da haidurojin) kamar yadda ƙarangiya ke kama zani, sabara kuwa cike take da tanin da filabonoyid. Hekzen zalla ba ya da ƙarfin ɓamɓaro su. Metanol zalla kuma sai ya kwashe kowa da kowa ya kai sama a dunƙule, ba ki raba komai ba. Ki hau a hankali: hekzen da etil asitet 7:3, sannan 1:1, in har yanzu suna ƙasa ki koma kulorofom da metanol 9:1. Abin nema shi ne Rf, wato nisan da ɗigo ya yi a raba da nisan da ruwan ya yi, tsakanin 0.3 da 0.7.

Wutsiya kuwa yawanci daga hannu take. Ɗalibai na ganin in an cika samfuri za a fi gani, alhali silikar wurin ce ke ƙoshi, ragowar ya bi hanya yana zubewa. Ki tsarma shi. Ki taɓa bakin kafilari (siririn bututun gilashin ɗigawa) sau ɗaya ki ɗaga, faɗin ɗigon kada ya wuce milimita 2, ki bari ya bushe sarai kafin ki ƙara, musamman da yake metanol ne. Kada ki danna har ki kankare silikar. Layi da fensir, ban da biro, tawadarsa ma tafiya take yi. Ruwan kwalba kuma ya tsaya ƙasa da layin. In duk kin kiyaye wutsiyar ba ta tafi ba, ɗigo ɗaya na asitik asid a cikin ruwan yakan gyara.

Sai zafin Sakkwato, wanda littafi bai san da shi ba. Daikulorometen yana tafasa a digiri 40, mu kuwa a Afrilu muna wuce haka. Na taɓa haɗa shi da metanol da safe na bar murfi a karkace, bayan azahar mai saurin tashin ya gudu ya bar metanol, ɗigona duk suka taru a sama. Kwana uku ina zargin farantin! Tun daga ranar sabon haɗi nake yi kowane gwaji, in jingina takardar tacewa a cikin kwalbar, in rufe minti 15 kafin in sa faranti.

Ki gwada, ki zana ɗigon da fensir a ƙarƙashin fitilar UV 254 (mai bayyana ɗigon da ido ba ya gani), ki turo hoton mu gani.