Sarakunan Indiya da yadda suke aurar da 'ya'yansu

'Yar'uwa, kin tambaya ko har yanzu akwai sarakuna a Indiya, kuma ko bikinsu irin na fim ne. Gidajen sarautar suna nan, mulki ne babu. A 1947 masarautun sun haura 560. Yawancinsu suka miƙa wuya ga gwamnati bisa alkawarin za a riƙa ba su kuɗi duk shekara, sai a 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta gyara tsarin mulki, ta soke kuɗin da sarautar baki ɗaya. Wanda kika ji ana kira Maharaja yau, girmamawar mutanensa ce kawai.

Fadojin ne ke ciyar da wasunsu. Fadar Umaid Bhawan da ke birnin Jodpur tana da ɗaki 347, an kasa ta uku: otal, gidan tarihi, da sashen iyalan Gaj Singh, magajin sarautar Jodpur. Wasu sun faɗa siyasa, kamar Yaduveer Wadiyar na Maisur, wanda ya auri Trishika Kumari 'yar gidan sarautar Dungarpur a 2016, ya shiga majalisar tarayya a 2024.

Bikin kuwa, in kin ɗauki na gidajen Rajput, wato zuriyar mayaƙa da sarakuna, a jihar Rajastan, rawa ce ƙaramar aba a ciki. Asali ake fara bincika, domin ba a haɗa waɗanda suka fito tsatso ɗaya ta wajen uba. Sannan masanin taurari ya tsayar da rana har da sa'a. Ɗan'uwan amarya ya je gidan ango ya ɗiga masa jan gari a goshi, shi ne tilak, magana ta tabbata ke nan. Ana shafa wa ango da amarya kwaɓin kurkur da sandal, kowa a gidansu, kuma daga ranar ba sa yawon fita. Kawu yana kawo tufafi da gwal, dangin ango kuma su kai palla, wato lefensu.

Ranar aure ango kan fito da rawani da takobi, bisa doki ko giwa. A tsohuwar al'ada maza zalla ke masa rakiya. A ƙofar gidan amarya sai ya taɓa wani katako da aka rataye, toran, da takobinsa kafin ya shiga. Auren kansa a gaban wuta ake ƙulla shi, su kewaya ta an ɗaure bakin mayafinsu.

Inda aka fi samun matsala shi ne lokaci. Ayarin ango in ya yi nawa a hanya, sa'ar da aka tsayar tana neman wucewa, sai ki ga ana gaggauta komai, dangin amarya rai a ɓace. Ga doka ta hana lasifika a fili bayan goma na dare. Kuma wata huɗu na damina, daga wajen Yuli zuwa Nuwamba, ba sa ɗaura aure, shi ya sa bukukuwa ke cunkushewa a lokacin sanyi, a rasa makaɗa, a rasa masaukin baƙi, sai wanda ya kama tun da wuri.