Yadda Za Ka Gano Iyayen Kakan Kakanka a Kundin Cocin Sukotilan

Ɗan'uwa, idan na fahimce ka, kana da sunan kakan kakanka da aka haifa a Sukotilan wajen 1810, amma iyayensa sun ɓace maka.

Shawarata, kar ka fara da kundin coci. Sai a 1855 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a can, kuma takardar mutuwa tana ɗauke da sunan uban mamacin da na uwarsa, har da sunan gidan mahaifinta. In ya rasu a Sukotilan bayan wannan shekarar, aikinka ya zo da sauƙi. In kuwa a waje ya rasu, nemi takardar mutuwar wansa ko ƙanwarsa da suka zauna a gida, ai iyayen ɗaya ne. Ƙidayar 1851 kuma za ta nuna maka gundumar da aka haife shi. Daga nan sai ka shiga kundin baftisma a ScotlandsPeople, shafin intanet na gwamnatin Sukotilan mai ɗauke da tsofaffin takardun.

Inda mutane ke yawan zamewa shi ne ganin suna ya dace su rungume shi. A ƙauye ɗaya kana iya samun John Campbell uku, domin ana yawan raɗa wa ɗan fari sunan kakansa na wajen uba. Duba sana'ar uban da sunayen shaidu tukuna. Rashin ganin suna kuma ba ya nufin ba a haife shi nan ba: Katolika da waɗanda suka ɓalle daga babban cocin ƙasar kundinsu daban ne.

Idan rubutun hannun ya gagara, ƙwararrun ASGRA, ƙungiyar masu binciken asalin zuriya ta Sukotilan, suna wannan bincike a Edinbara, amma da kuɗi.