Me ya haɗa igiyar ruwa da tsawa da rediyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana da ke sakandare ya ce mini sauti da haske da abin da rediyo ke kamawa duk igiyoyi ne, kamar igiyar ruwa. Ni dai ban ga abin da ya haɗa su ba. Gaskiya ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yaron ya faɗi daidai, Allah Ya yi masa albarka.

Ki jefa dutse a tafki, ki zuba wa wani ganye da ke kan ruwan ido. Igiyar za ta zo ta wuce, ganyen ya ɗaga ya sauka, amma yana nan inda yake. Ruwan bai je ko'ina ba, ƙarfin jifan ne ya yi tafiya. Duk abin da ake kira igiya haka yake, ƙarfi ne ke ratsawa daga wuri zuwa wuri.

Igiyoyi gida biyu suka kasu. Na farko sai da abin hawa, ko iska ko ruwa ko ƙasa. Sauti yana nan ciki: a iska yana cin kusan mita 340 a daƙiƙa, a ruwa kuwa kusan 1,500. A duniyar wata, da yake babu iska, ko ihu mutum ya yi na kusa da shi ba zai ji ba. Igiyar teku yawanci iska ke tayar da ita, amma wadda ta fi muni daga ƙasa take tasowa. Ranar 26 ga Disamba 2004 ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin teku kusa da Sumatra a Indonesiya, igiyar ta kashe sama da mutum 200,000, ta ƙetare tekun Indiya har gaɓar Somaliya.

Igiyoyin girgizar ƙasa su ne suka fi burge ni. Akwai mai ratsa dutse da ruwa duka, akwai wadda da ta ci karo da abu narkakke take tsayawa. Da masana suka ga ta biyun ba ta isa ɗaya gefen duniya, sai suka gane akwai narkakken abu a can cikin ƙasa. A 1936 wata masaniya 'yar Denmark, Inge Lehmann, ta nuna cewa a tsakiyarsa kuma akwai dunƙule mai tauri. Alhali rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa, a Kola ta Rasha, da kaɗan ya wuce kilomita 12.

Gida na biyu ba ya buƙatar abin hawa. Haske, igiyar rediyo da ta wayar salula, da wadda ake ɗaukar hoton ƙashi da ita a asibiti, duk dangi ɗaya ne, tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na bayansa, ya bambanta su. Gudunsu kusan kilomita 300,000 ne a daƙiƙa, shi ya sa hasken rana ke iso mana cikin minti 8 da 'yan kai.

Da damina za ki ga bambancin da idonki. Walƙiya da tsawa tare ake yin su, haske ne ke riga sauti isowa. Ki ƙirga: kowace daƙiƙa 3 tsakaninsu kilomita ɗaya ke nan. Ina roƙon a koya wa yara wannan, kuma da zarar an ji tsawa a bar gona da gindin bishiya a shige ɗaki.

Rediyo kuwa, can sama akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cajawa, wanda ke mayar da gajeren zango ƙasa. Da haka tashoshi irin su BBC Hausa, da ta fara a 1957, suka riƙa isa ƙauyukanmu daga nesa. FM ratsa shi take yi ta wuce, don haka ba ta nisa. Matsakaicin zango kuma da rana ƙasan sashen ne ke shanye shi, amma bayan magariba sai wannan ɓangare ya baje. Shi ya sa da dare kike kama tashoshin da babu alamarsu da hantsi.