Bindigar soso ta kusa kai tsawon yaro, harbinta kuwa bai kai zaure ba: jabu ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya yi wa ɗana tsarabar wata ƙatuwar bindigar wasa, irin mai harba harsashin soso. A gwanjo ya saye ta, ba kwali, ba sunan kamfani. In aka tsayar da ita a ƙasa tana kai wa yaron kafaɗa, shekararsa 7. Ga dogon baki, ga madubin saiti, ga ƙafafu biyu na girkewa. Da na fara ganinta sai da gabana ya faɗi, amma da muka gwada daga ƙofar ɗakina, harsashin bai kai zaure ba, yana tafe yana karkacewa, wani lokaci ma ya maƙale a ciki. Jabu aka sayar mana? Kuma in bar shi ya fita yawon Sallah da ita? Daga wani mahaifi a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya mana yaron. Ba lallai ne a ce jabu ce ba. Na daɗe ina sayar da kayan wasan yara ina kuma gyara su, kuma abin da ka gani shi kusan kowa ke gani a ranar farko. Ranar da irin wannan ta fara shigowa shagona a Sabon Gari, yaran shagunan maƙwabta har layi suka yi. Na ɗana ta, ta yi ƙara kamar an ja sakatar ƙofa, na auna wani bokiti a tsallaken layi. Harsashin ya fita yana kaɗa wutsiya kamar tarwaɗa, ya je ya faɗi gindin bencin mai shayi. Aka yi ta dariya, mai shayin ya ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Da za ka kwance ta, za ka ga abin da ke aiki a ciki bai fi tsawon tafin hannu biyu ba. Akwai bututu mai kama da famfon keke, da fistan mai zoben roba a bakinsa, da sifirin a bayansa. In ka ja hannun ɗanawa baya, sifirin ya matse, wani ɗan ƙugiya ya riƙe shi. Kana taɓa kunama ƙugiyan ya saki, fistan ya turo iska ta cikin ramin harsashin, shi ke nan ya fita. Ƙarfin bindigar duka yana cikin sifirin ɗin nan da yawan iskar da bututun ke ɗauka. (Akwai masu batir, waɗanda ƙafafun roba biyu ke juyawa su fizgi harsashin, amma in taka ana ɗana ta da hannu, ba irinsu ba ce.)

Dogon bakin da ya ba ka tsoro kuwa ado ne zalla. Ya fi harsashin faɗi nesa ba kusa ba, don haka iska ta gama aikinta tun kafin harsashin ya shige shi. In ma ya gogi bangon bakin a hanyar fita, gudunsa ne ke raguwa. In na taka mai cirewa ne, cire shi ka sake harbawa, sau da yawa za ka ga nisan ya ɗan ƙaru. Madubin saitin ma roba ce kawai da ke sa yaro ya ji shi soja ne.

Ko na manyan kamfanoni haka suke. Nerf, sunan da ya fi shahara a wannan harka, da ƙwallon soso ya fara a Amurka a 1969, yanzu kuma yana hannun kamfanin Hasbro. Harsashinsu na yau da kullum tsawonsa santimita 7 da ɗan ɗori, nauyinsa wajen giram ɗaya, yana fita da gudun kusan mita 20 a daƙiƙa. Abu mai nauyin giram ɗaya iska ba ta barin shi ya yi nisa. Nisan da ake rubutawa a jikin kwali kuma sai an ɗaga bakin bindigar sama ake samunsa. In ka miƙe ta sak, mita 10 zuwa 15 shi ne abin da na saba gani.

Batun karkacewa da maƙalewa, kafin ka zargi bindigar, duba harsasan. Na gwanjo yawanci sun sha matsa. Mirgina kowanne a kan tebur: wanda ya lanƙwashe, ko gindinsa ya tsage, ko kansa na roba ya fara ɓanɓarewa, ware shi ka jefar, don ƙananan yara na iya haɗiye kan. Kada a bar su a jere cikin gidan harsashi kwana da kwanaki, sifirin da ke ƙasa yana matse su har su zama kamar an taka. Kada kuma a bar su a rana ko cikin mota, zafin bazarar Zariya yana sa soson ya yi laushi. Wani abin da ke jawo maƙalewa shi ne ɗanawar rabi. Yaro ɗan shekara 7 ƙarfinsa ba ya kai ya ja hannun har ƙarshe, sai ya tsaya a tsakiya ya tura gaba, bindigar ta tauna harsashin. A ja har ya yi ƙara, sannan a mayar. In harbin ya yi sanyi sosai, ƙurar hunturu ce ta busar da zoben robar. Man silikon ake ɗan shafa masa. Ban da baƙin mai ko man keken ɗinki, waɗannan suna lalata roba.

Inda nake so ka sa ido sosai shi ne ido. A 2017 likitocin asibitin ido na Moorfields da ke Landan sun ba da rahoton mutum uku, manya biyu da yaro ɗan shekara 11, da irin wannan harsashi ya same su a ido har jini ya taru a gaban ƙwayar. Sun kuma ja hankali cewa harsasan arha da ake saye daban a cike gurbi, kansu ya fi tauri. Gwajin mai sauƙi ne: matsa kan harsashin tsakanin yatsu biyu. Mai kyau yana lotsawa ya dawo, don cikinsa rami ne. Wanda ka ji shi kamar murfin biro, kada ya shiga gidanka, kome arharsa. Ka saya wa yaron da abokan wasansa farin gilashin kariya, irin na masu aikin katako, ka kafa doka ba harbi daga wuya zuwa sama. In tsautsayi ya gitta ido ya yi ja, ko yaro ya ce yana gani dishi-dishi, kada a murza, kada a sa tozali ko a ɗiga wani abu. A wuce asibiti a ranar. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Yawon Sallah da ita kam, ni ban ba da shawara ba. Launin ruwan lemon da ake sa wa bakin bindigogin wasa ba don kyau ba ne, dokar Amurka ce tun 1988 don a bambance su da na gaske, kuma ko da shi, abu mai wannan tsawo a hannun mutum da magariba ba kowa zai tsaya tantance launinsa ba. Ka san yadda gari yake, ga shingayen jami'an tsaro a hanya, ga cunkoson Ƙofar Fada ranar hawa, inda harsashi ɗaya a fuskar doki ya isa ya jawo abin da ba a so. Kada kuma wani yayansa ya ce zai shafa mata baƙin fenti don ta yi kama da ta gaske.

Yawancin irin waɗannan an rubuta musu shekara 8 zuwa sama, saboda haka a bana kai za ka riƙa ɗana masa. Ku girke ta a kan ƙafafunta a tsakar gida, ku jera gwangwanayen madara shida a kan benci, taku bakwai tsakani, a juya wa ƙofar kicin baya. A wannan tazarar harsashi mai lafiya ba ya samun lokacin karkacewa, in yaron ya fara kayar da huɗu cikin shida sai ku ƙara taku ɗaya.