Mene ne lodanam da ake ɗura wa jarirai a littattafan Ingila?

Tambaya: Malam, ina nazarin adabin Ingila na zamanin Sarauniya Biktoriya, kuma ina yawan cin karo da lodanam da ake ba jarirai su yi barci. Wata maƙwabciyata ta ce ai maganin tsiro ne, ba ya cutarwa, har ta ba ni shawarar in nemi irinsa a kemis saboda ɗana ba ya barin mu runtsa. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malama, gara da hankalinki bai kwanta ba. Lodanam ofiyom ne, wato ƙaron wani tsiro mai sa maye, da aka narkar a cikin barasa, kuma kafin dokar magunguna ta 1868 kowane mai kanti a Ingila yana iya auna miki na kwabo ɗaya ba tare da ya tambaye ki komai ba. Na jarirai kuwa, irin su Godfrey's Cordial, ana garwaya shi ne da maɗi don yaro ya haɗiye ba gardama. A garuruwan masaƙu kamar Mancesta, uwa takan tafi aiki tun da asuba, mai raino kuma ta ɗura wa jinjiri cokali guda, ya yini kwance shiru.

Wannan shirun ne ya yaudari mutanen wancan zamani, shi ne kuma yake yaudarar maƙwabciyarki. Na gaji da jin maganar nan ta "ai tsiro ne", sai ka ce zaƙami ba tsiro ba ne. Ofiyom yana rage numfashi, yana kuma kashe jin yunwa, saboda haka jaririn da aka saba masa da shi ba ya kukan neman nono, sai ya yi ta ramewa har fatarsa ta yamutse kamar ta tsoho. Da yawa a cikinsu yunwa ce ta kashe su alhali iyayensu na yabon haƙurinsu. Manya ma ba su tsira ba, domin mai zane Elizabeth Siddal lodanam ne ya yi ajalinta a 1862.

Abin da za a miƙo miki a kemis ɗin da ba ya tambayar takardar likita yana iya zama ɗan gidan su lodanam, domin kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tarinsa a 2018, daga ofiyom yake fitowa. Kada ki ba ɗanki ko ɗigo. Ki kai shi asibiti a duba kunnensa da cikinsa, a kuma auna nauyinsa.