Tambayi Likita: Me ya sa aka ba ɗana abin shaƙa iri biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan shekara tara yana da fuka. A asibiti an rubuta mana abin shaƙa iri biyu, shuɗi da mai ruwan ƙasa. Da zarar ya shaƙi shuɗin sai numfashi ya daidaita, amma mai ruwan ƙasan ban ga abin da yake yi ba, ga tsada, sai na daina saye. Yanzu da hunturu ya shigo tarin dare ya dawo, kakin da yake fitarwa mai kauri ne da yauƙi, wani lokaci har da amai. Kakarsa ta ce sanyi ne ya kama masa ƙirji. Ina gaskiyar take?
Wata uwa daga Rigasa, Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Ki koma ki sayi mai ruwan ƙasan, shi ne ainihin maganin. Na san kuɗi ba ya fita daga zanin uwa sai ta ga dalili, saboda haka ga dalilin.

Hanyar iska tana farawa daga maƙogwaro, ta yi ta rabuwa rassa rassa har cikin huhu. Cikinta duka a shimfiɗe yake da wata siririyar fata ta ƙwayoyin halitta da ke manne da juna gam. Yawancinsu suna da ƙananan gashi da ke kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, suna tura majina sama zuwa maƙoshi. A tsakaninsu akwai 'yan kaɗan da aikinsu yin majinar ne. Ƙurar da yaronki ya shaƙa a hanyar makaranta tana maƙalewa a wannan majina, gashin ya turo ta, ya haɗiye bai ma sani ba.

A da ana ɗaukar wannan fata a matsayin shinge kawai. Yanzu an gane ita ce take fara tayar da rikicin. Idan ƙura, hayaƙi, ƙwayar cutar mura ko kashin kyankyaso ya taɓa ta, sai ta saki wasu furotin masu kai saƙo, waɗanda likitoci ke kira saitokin. Uku ne aka fi sani a wannan mataki: TSLP, IL-33 da IL-25. Akwai kuma wasu mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani, da ke zaune a katifa da matashin kai, waɗanda kashinsu ke ɗauke da sinadarin da ke yanke mannin da ke tsakanin ƙwayoyin, ya buɗe kafa. Abin kamar a yi ihun ɓarawo ne a unguwa da tsakar dare: jama'a su fito da gora, ɓarawon ya daɗe da tafiya, amma a bar mai gida da karyayyar ƙofa. Fatar mai fuka saurin ihu gare ta, kuma masu amsawa ba sa komawa gida da wuri.

Masu amsawar su ne fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki, su ma sai su saki nasu saƙonnin. IL-4 yana sa a ƙera sinadarin IgE, wanda ke sa jiki ya riƙe abin da bai jitu da shi ba. IL-5 yana sa ɓargo ya ƙara haifar wasu ƙwayoyi da ake kira iyosinofil. Sai IL-13, kuma shi ne amsar tambayarki a kan kaki.

A 1998 ƙungiyoyin masu bincike biyu a Amurka suka nuna cewa idan aka sa wa lafiyayyen ɓera IL-13 a hanyar iska, sai ya kama alamun fuka, idan kuma aka toshe shi a jikin ɓeran da aka jawo wa cutar, sai alamun su lafa. Daga baya an riƙa renon ƙwayoyin hanyar iskar mutum a ɗakin gwaji ana zuba musu IL-13. Cikin 'yan makonni sai fatar ta sauya kama: masu gashi su ragu, masu yin majina su yawaita, majinar kuma ta zama wani iri mai danƙo da ke like wa fatar, gashin da ya rage ya kasa ture ta. Mannin da ke tsakanin ƙwayoyin ma yana sassautawa, ƙura ta ƙara samun hanyar shiga, fatar ta ƙara ihu. Ba nan ya tsaya ba, IL-13 yana sa fatar ta kira iyosinofil su taru a wurin, yana kuma sa naman da ya zagaye hanyar iska saurin tsukewa. Kakin da yaronki ke faman fitarwa da dare har ya yi amai, daga nan yake. Idan ka sa kakin mai fuka a madubin likita, sau da yawa za ka ga iyosinofil jingim, wani lokaci har da zaren majina a murɗe, da siffar ƙaramar hanyar da ya toshe.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, wannan duka yana ci gaba ko a ranar da yaro ke buga ƙwallo a layi ba tari ba haki. Idan aka bar shi shekara da shekaru, ƙarƙashin fatar yana yin kauri, naman ma ya yi kauri, hanyar ta ƙuntata ta yadda ba lallai ta koma yadda take ba.

To, shuɗin, wato salbutamol, naman da ya tsuke kawai yake sassautawa. Yana aiki cikin 'yan mintuna, ya yi awa 4 zuwa 6 ya wuce, kuma ko kusa ba ya taɓa waɗannan furotin. Mai ruwan ƙasan, wanda galibi beklometason ne (ki duba sunan a jikin kwalin, domin launi yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani), yana shiga cikin ƙwayoyin ne ya rage yawan saƙonnin da suke ƙerawa. Ana ɗaukar kwanaki zuwa makonni kafin a ga bambanci, kuma bambancin shi ne dare ya wuce ba tari. Abin da bai faru ba kuwa da wuya uwa ta lura da shi, shi ya sa ban ga laifinki ba. Amma tun 2019 kwamitin GINA, wanda ke fitar da ƙa'idojin kula da fuka a duniya, ya daina yarda manya da matasa su dogara da shuɗin kaɗai, saboda haɗarin mummunan tashin ciwon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke da fuka, 455,000 suka rasu, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, inda maganin kullum ɗin nan ne ake fara yankewa idan aljihu ya yi zafi.

Iyaye da yawa suna jin an ce mai ruwan ƙasan siteroyid ne sai gabansu ya faɗi. Wanda ake shaƙa ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na haɗiya ko allura. Yana iya rage tsawon yaro da kamar santimita ɗaya, ba zan ɓoye miki ba, amma ni dai ban ga abin da zai sa a musanya numfashi da santimita ɗaya ba. Ya riƙa kurkure baki ya tofar bayan kowace shaƙa.

Maganar Kaka kuwa, ki gaishe ta, ba ta yi nisa da gaskiya ba. Iskar hunturu mai sanyi da bushewa tana busar da ruwan da ke kan fatar, ga ƙura, ga mura na yawo a aji. Sai dai sanyin yana tayar da abin da ke kwance ne. Rigar sanyi da ruwan ɗumi suna da kyau, amma ba su isa ba. A fitar da maganin sauro na hayaƙi da turaren wuta daga ɗakin da yake kwana, a nisanta janareta daga taga, a yayyafa ruwa kafin shara.

Ki nemi kwalbar shaƙa da ake sa wa abin a baki, domin yaro ba ya iya haɗa dannawa da jan numfashi a lokaci guda, maganin sai ya tsaya a harshe. Idan ba ta samu ba, binciken da aka yi a Afirka ta Kudu a 1999 ya nuna robar ruwa mai rabin lita, da aka huda gindinta daidai bakin abin shaƙar, tana yin aikin. Danna ɗaya, numfashi biyar a hankali, sannan na gaba. Idan kuwa kin ga tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya kasa ƙarasa magana, ko leɓensa ya sauya launi, ki ba shi shuɗin ki kama hanyar asibiti ko da ƙarfe biyun dare ne.

TAMBAYA: Likita, na ji ana cewa a ƙasashen waje akwai allurar da ke warkar da fuka gaba ɗaya. Haka ne?
Wani malamin makaranta daga Kawo

AMSA: Malam, allurorin akwai su, amma ba sa warkarwa, danne ciwon suke yi muddin ana yin su. Kowace tana kama ɗaya daga cikin furotin ɗin da na ambata a sama, ko ta toshe ƙofar da suke bi. Mepolizumab, da aka amince da ita a Amurka a 2015, tana kama IL-5. Dupilumab, da aka amince da ita don fuka a 2018, tana toshe ƙofar da IL-4 da IL-13 ke bi. Tezepelumab ta 2021 tana kama TSLP tun daga fatar. Ana yin su ne duk mako biyu ko huɗu, ga masu fuka mai tsanani da abin shaƙa ya gaza a kansu, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin albashin malami nesa ba kusa ba. Sannan ba kowace fuka ce ke bin hanyar IL-5 da IL-13 ba, shi ya sa akan auna yawan iyosinofil a jini kafin a zaɓa wa mutum. Idan kai ne mai ciwon, ka zo asibiti da abin shaƙarka a aljihu, ka shaƙa a gaban likita ya ga yadda kake yi, domin da yawa daga waɗanda ake zaton magani ya gaza a kansu, maganin ne ba ya isa huhu.